Ranar da Wilf Entwistle Ya Tsaya Gaban Prescod

Shekara ashirin da shida Wilf Entwistle ya yi yana buɗe wa Thornshaw wasa a gasar kurket, wasan dukan ƙwallo da katako, ta ƙauyukan kwari. Daga Litinin zuwa Juma'a yana masaƙar garin, cikin ƙarar injina da ƙurar auduga, shi ne mai gyara su idan sun cije. Ranar Asabar kuwa sai ya sa fararen kayan da matarsa Enid ta goge masa, ya saɓi katakon dukansa, ya hau tudu zuwa fili. Shi ne kyaftin, shi ne mai yanke ciyawa, shi ne mai neman mutum na goma sha ɗaya idan wani ya ƙi zuwa. A duk tsawon shekarun nan Thornshaw ba ta taɓa ɗaga kofi ba, sai a bazarar 1974 abin ya soma yi musu kyau. Wata biyu suna kan gaba, tsofaffin garin har sun fara gardamar inda za a ajiye kofin.

Ana cikin haka kulob ɗin ƙauyen Calderfoot ya samu Osmond Prescod.

Prescod mutumin Barbados ne. Shekara takwas yana yi wa babban kulob na lardi jifan ƙwallo, cikin waɗanda wasa ne sana'arsu, jarida na buga hotonsu. An yi masa aiki a kafaɗa da hunturu, manyansa suka ba shi wata biyu ya warware kafin ya koma. Matarsa 'yar Calderfoot ce, ma'aikaciyar jinya, a can suke zaune bayan coci. Da zaman gida ya ishe shi sai ya taka shagon Norris Tattersall, mahaucin garin kuma shugaban kulob ɗinsu, ya tambaya ko za a ba shi wuri ranar Asabar. An ce Norris bai ko ajiye wuƙar hannunsa ba ya sa hannu a takarda.

Calderfoot da ke can ƙasan jerin gasar ta ci wasa huɗu a jere. A na ukun, a filin Lumb, ƙwallon da Prescod ya jefa ta tashi daga ƙasa ta sami ɗan wasan Lumb, Alec Duerden mai gyaran famfo, a hannu, ta karya masa yatsa biyu. Wilf ya je duba shi washegari, ya tarar da shi zaune da hannu a naɗe, akwatin kayan aikinsa a bayan ƙofa. Daga nan ya dawo gida. Ya share teburin kicin, ya ɗauko takarda da biro, ya rubuta wa kwamitin gasa cewa Thornshaw na neman a kafa doka: duk wanda wasa ne sana'arsa, kada ya sake shiga wasan ƙauyuka.

Enid na tsaye a kansa da butar shayi, tana karantawa ta saman kafaɗarsa.

"Baban Jean, tsakaninka da Allah, don yatsun Alec kake wannan ko don kofi?"

"Duka biyun," in ji Wilf. "Laifi ne?"

"Ni ban ce laifi ba ne. So nake dai ka san abin da kake rubutawa. Kuma kwamiti da ƙaramin harafi ka sa."

Aka tsayar da ranar Talatar ƙarshen wata don zaman kwamiti. Asabar ɗin da ke kafin ranar kuwa Calderfoot ce za ta zo Thornshaw.

Labarin takardar ya riga Wilf isa kasuwa. Tun suna 'yan makaranta shi da Norris suke tsokanar juna, don haka yana shiga shagon sayen tsokar rago, Norris ya ɗaga murya yadda duk matan da ke layi za su ji.

"A'a, Injiniya! An ce ka zama lauya. Ku ba shi hanya, jama'a, kada ya kai mu ƙara."

"Sarkin fawa, auna min nama ka bar surutu. Kuma ɗauke babban yatsanka daga kan sikeli."

"Tsoro ne, mutumina, faɗi gaskiya. Ba abin kunya ba ne a shekarunka. In kana so in yi maka magana ya riƙa mirgino maka ƙwallon a ƙasa."

"Ba tsoro ba ne, Norris. Mu ma'aikata ne. Ranar Litinin kowa da inda zai kai hannunsa. Shi in ya ji ciwo likitoci uku ne a kansa. Alec wa ke kansa? Kun je kun ɗauko ɗan haya kuna ta baza haƙora, ku da ko ƙwallon yara ba ku iya tarewa."

"Ɗan haya? Ko kofin shayi shi yake sayen abinsa! Mijin 'yarmu ne, a garinmu yake kwana. In ka haifu ka tare shi ranar Asabar."

Matan layi suka kwashe da dariya. Wilf ya karɓi ƙunshinsa ya fita, kunnuwansa sun yi ja.

Ranar Juma'a da yamma, bayan an tashi daga masaƙa, ya hau fili shi kaɗai don ya daddaɓe tsakiyar da rola. An yi ruwa kwana biyu, rana ta buɗe, ƙasa ta yi daidai. Rolar Thornshaw narkeken ƙarfe ce ta mutum uku, amma sauran biyun sun ce suna zuwa, kuma Wilf ya san ma'anar wannan. Yana ta fama da ita sai ya hangi wani dogon mutum ya jingine keke a jikin katangar dutse, ya tsallako. Baƙar riga mai dogon hannu, tafiya a natse kamar ba ya son taka ciyawa. Ba sai an faɗa masa ko wane ne ba.

"Barka da aiki, Kyaftin. Osmond Prescod. In ba damuwa, so nake in ga filin."

"Ga shi nan. Ba mu ɓoye shi ba."

Prescod ya bi tsakiyar filin daga wannan kai zuwa wancan, a hankali, yana kallon ƙasa. Wajen kan da ke fuskantar coci ya tsuguna, ya danna babban yatsa, ya matsa kaɗan, ya sake dannawa. Sai ya shafa wurin da tafin hannu kamar mai neman ƙari a jikin dabba.

"Akwai ɗan tudu a nan."

Wilf ya dubi wurin. Shekara goma sha biyar ya san da wannan tudun, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, ido ba ya ganinsa. Ko 'yan wasansa ba duka suka sani ba. Mutumin nan ya gano shi cikin minti uku.

"Irinsa ne a Lumb," in ji Prescod, har yanzu yana tsugune. "Ban je na duba ba kafin wasa. Laifina ne. Tun ranar ba na shiga filin da ban taka da ƙafata ba." Ya miƙe, ya naɗe hannun riga. "Kama can, in kama nan."

"Kafaɗarka fa?"

"Da ƙirji zan tura."

Awa guda suka yi suna kai da komo a kan tudun. Da suka tsaya hutawa, Wilf ya zuba shayi a murfin flas ya miƙa masa, shi ya sha a bakin flas ɗin.

"Ka san ni na rubuta takardar nan."

"Na sani. Alec ya gaya min."

"Alec? Ina kuka haɗu?"

"Mako biyu ina bin sa aiki. Shi ke nunawa da hannu ɗaya, ni ina murɗa fayif. Ban iya komai ba, Kyaftin. Na cika wa wata tsohuwa kicin da ruwa, Alec ya zage ni tas, zagin da ko a Bridgetown, can Barbados, ban taɓa ji ba." Ya yi dariya, sannan ya kurɓi shayin. "Takardarka ba ta ɓata min rai ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma ni ma a irin wannan filin na tashi, akuya na kiwo a gefe. Ranar da wani babban ɗan wasa ya zo ƙauyenmu ya yi mana jifa shida, ita ce ranar da na san abin da zan yi da rayuwata. Shi ke nan abin da zan ce."

Wilf ya koma ya kama rolar. Ya ce rana na faɗuwa, gara su ƙarasa.

Asabar ta zo da taron da Thornshaw ba ta taɓa gani ba. Motar haya biyu daga Calderfoot, mutanen Lumb a ƙafa ta kan tudu, har waɗanda ba su san kan wasan ba sun zo da kujerun gida. Enid da matan kulob suka yanka burodi har wuƙa ta dakushe. Calderfoot ta fara duka, ta tara maki ɗari da arba'in da takwas. Prescod ya shiga na shida, ya yi ashirin da biyu cikin nishaɗi, ya ɗaga wata sama aka cafke, ya fita yana tafa wa wanda ya cafke ɗin.

Bayan shayi Wilf ya ɗaura kariyar ƙafa, ya danna hularsa, ya fito. Ya tsaya gaban sandunan nan uku da zai kare, ya ja layi da ƙusar takalmi kamar yadda ya saba, ya ɗago kai. Prescod ya zaɓi jifa daga kan da ƙwallo ba za ta sauka kusa da tudun ba. Taku takwas kawai ya ja baya.

Ta farko ta zo da sauri, amma irin saurin da Wilf ya sani. Ya tare. Ta biyu ma ya tare. Ta uku ya tura gefe suka yi gudu biyu, maki biyu ke nan, mutanen Thornshaw suka yi ihu. Ta huɗu ce ta tsaya masa a rai: ya ga hannun Prescod ya sassauta kafin sakin ƙwallo, kamar uba mai jefa wa ɗansa a bayan gida. Ransa ya ɓaci. Ya ɗaga hannu ya dakatar da alƙalin wasa, ya taka har tsakiyar fili.

"Prescod. Zo nan."

Prescod ya zo yana goge ƙwallo a cinya.

"Ni kake wa wannan lallaɓawar? Kakanka ne ni?"

"Haka nake yi wa kowa a gasar nan, Kyaftin."

"To ni ba kowa ba ne. Ranar Talata zan tsaya gaban mutane in yi magana a kan abin da ban taɓa gani ba. Nuna min. Yadda kake yi wa manya."

Prescod ya dube shi sosai, daga hula har takalmi.

"Kana da iyali."

"Ina da su. Ga ta can tana wanke kofuna. Ita ma za ta so ta ga ko mijinta namiji ne."

"To. Amma ka ji sharaɗina. Ba zan nufi kanka ba. Kuma kada ƙafarka ta baya ta gudu. In ka ja da baya, nan ne za ka ji ciwo. Ka shigo bayanta, ka dube ta. Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Prescod ya juya ya soma tafiya. Ya wuce alamarsa ta taku takwas, ya ci gaba. Goma sha biyar, ashirin, ashirin da huɗu. Surutun taron ya riƙa raguwa da kowane taku, har aka ji kukan tumaki a kan tudu. Mai tsaron baya na Calderfoot, mai cafke ƙwallo a bayan sanduna, wani direban motar madara, ya dubi sama ya ce, "Wayyo ni, Wilf, me na yi maka?" Ya ja baya, ya ƙara ja, har ya kusa rabin hanyar igiyar iyaka.

Abin da Wilf bai taɓa mantawa ba shi ne gudun. Ba hayaniya, ba huci. Mutumin ya taho kamar ruwa na gangarowa daga dutse, kowane taku ya fi na baya tsawo, kai a tsaye cak, ƙwallon a riƙe gaban ƙirji kamar ƙwai. Da ya iso sai jikin duka ya lanƙwashe baya kamar baka, hannun ya zagayo ta sama.

Wilf bai ga komai ba. Ya dai ji iska ta wuce shi, sannan ƙarar ƙwallo a safar hannun mai tsaron baya, sannan ashar. Katakonsa bai ko sauko ba.

Ta gaba ta sauka, ta karkato ciki, ta same shi a haƙarƙarin hagu. Numfashinsa ya ɗauke. Ya durƙusa a gwiwa ɗaya, duniya ta yi fari. Ya ji muryar Norris daga nesa, ba tsokana a cikinta ko kaɗan: "Wilf! Ya isa haka, don Allah!" Da idonsa ya washe sai ya ga takalman Prescod a gabansa.

"Ƙafarka ba ta gudu ba," in ji Prescod a hankali. "Na gani. Yanzu ka daina kallon fuskata, ba ita za ta zo maka ba. Hannuna za ka kalla. Kuma ka ɗaga katako tun ina sama, kada ka jira. In koma takwas?"

"In ka koma takwas," in ji Wilf da ƙyar, "sai na ƙara shafi a takardar nan."

Jifa shidan suka cika, aka juya kai, wani ya karɓi jifan. Wilf ya samu ya yi numfashi. Da Prescod ya dawo, ya yi yadda aka ce masa: ido a hannu, katako a sama. Ta farko ya gan ta, jan abu kamar walƙiya, ya bar ta ta wuce. Ta biyu ya sa katako, ta buge shi har gwiwar hannunsa ta yi tsami, amma ta faɗi gabansa. Ta uku ta ɗan yi nesa da jikinsa. Bai yi tunani ba. Ƙafar baya ta shiga, wuyan hannu ya juya, ya ji wani taushi a tsakiyar katakon da bai taɓa ji ba cikin shekara ashirin da shida. Bai sa ƙarfi ba ko kaɗan. Kafin ya ɗago kai ƙwallon ta tsallake igiya ta daki katangar dutse ta dawo fili da kanta.

Filin ya tashi. Tsofaffin da ke kan benci suna buga sanduna a ƙasa, Enid ta fito ƙofar ɗakin shayi da tsumma a hannu. Prescod na tsaye a tsakiyar fili, hannu a ƙugu, yana murmushi har kunne.

"Ashe kana ɓoye da wannan!" ya ce. "To, tsaya ka ga."

Minti hamsin Wilf ya yi a wurin. Ya sha duka a cinya sau biyu, wata ta ɗauke masa hula ba ta taɓa gashinsa ba, Prescod ya ɗaga hannu ya ba da haƙuri tun kafin ta faɗi. Abin da ya fi ba Wilf mamaki ba saurin ba ne. Ya fara gane cewa magana ake yi masa da ƙwallon. Uku a waje don ya saba miƙa hannu, ta huɗu ta shigo ciki. Biyu gajeru don ya tsaya a baya, ta gaba a gindin ƙafa. Duk abin da ya yi, mutumin ya riga shi sani. Wani lokaci ya gane tarkon ya tsallake, sai Prescod ya gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibi ya ba amsa daidai. Abokan dukansa kuwa, duk wanda ya zo gaban Prescod, sai ya koma taku takwas ɗinsa, ya fitar da shi cikin ruwan sanyi, ba ko ƙwarzane.

Yana da maki talatin da ɗaya ta ƙarshen ta zo. Gudu iri ɗaya, hannu iri ɗaya, amma ƙwallon ta taho a hankali, kamar an riƙe ta da zare. Wilf ya gama dukansa tsaf kafin ta iso. Ta wuce ƙarƙashin katako ta tuge sandar tsakiya, sandar ta yi tsalle biyu ta kwanta.

Ya tsaya yana kallon ta. Ya san ya kamata ya ji haushi, amma dariya ce ta kuɓuce masa, haƙarƙarin ya soke shi ya dafe.

"Kai, wannan mugunta ce," ya ce.

"Shekara uku na yi ina koyon ta," in ji Prescod. "Ba kowa nake ba ita ba." Ya soma tafi, 'yan Calderfoot goma suka bi shi, har Wilf ya kai igiya.

Thornshaw ta ƙare da ɗari da ashirin da bakwai. Na ƙarshensu wani ɗan aiken gidan waya ne mai tabarau. Prescod ya tsaya wuri ɗaya, ya lailayo masa wata mai juyawa a hankali, ta zagaye shi ta taɓa sanda. Da wannan faɗuwar Thornshaw ta sauka ta biyu, kuma a nan ta ƙare shekarar.

A gida Enid ta naɗe masa ƙirji da tsohon zanin gado. Wurin ya yi baƙi da shuɗi, har ɗinkin ƙwallon ya fito a fata.

"Sannu, jarumi. Shekara arba'in da huɗu, a ce mutum ya roƙi a dake shi. Yanzu takardar fa? Za ka janye?"

"Ba tawa ba ce ni kaɗai. Kulob ne ya aike ni."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

"Na sani," in ji Wilf. "Ja a hankali, mata, ba buhu kike ɗaurewa ba."

Ranar Talata da ƙarfe shida wakilan kulob goma sha biyu suka hallara a ɗakin da ke saman mashayar Lumb. Aka karanta takardar. Kafin Wilf ya tashi, wakilin Higher Moss ya riga shi, wani mai jan wuya da ba a taɓa ganin ya riƙe katako ba. Ya ce yana goyon baya ɗari bisa ɗari, gasar nan ta 'yan kwari ce, baƙin da aka kwaso daga wata uwa duniya su koma inda suka fito.

Wilf ya miƙe yana dafe da tebur.

"Malam, zauna. Takardata ba ta ce haka ba, kuma ba na son hannunka a kanta." Ya juya ga sauran. "Abin da na rubuta, har yanzu ina kansa. Filayenmu ba su da kyau, hannayenmu da su muke ci. Yatsun Alec ba su gama haɗewa ba. Gobe wani kulob zai ɗauko wanda ba ruwansa da tsoho ko mai tabarau, so yake kawai a ga sunansa a jarida, ranar za ku tuna da ni. Wannan ita ce maganar da aka aiko ni da ita."

Ya kamata ya zauna a nan. Bai zauna ba.

"Amma tunda na tashi, bari in faɗi abin da na gani, don kada a ce na ɓoye. Shekara ashirin da shida ina tsammanin kurket nake yi. Ranar Asabar na gane bakin ƙofarta kawai nake tsaye. Mutumin nan ya zo filina ranar Juma'a ya tura rola da kafaɗar da aka yi wa aiki. Ya gano lahanin da na ɓoye wa 'yan wasana. Ya kusa karya min haƙarƙari, da roƙona, sannan ya tsaya ya koya min yadda zan dake shi, a tsakiyar wasa, alhali so yake ya ci. Ni ban san ana yin haka ba. Maki talatin da ɗayan nan, ku haɗa duk abin da na tara a rayuwata, ba zan ba da su ba. Kuma tun Lahadi mutum tara suka buga min ƙofa suna son shiga kulob, har da wanda ya bari tun kafin a haifi Jean. To. Shi ke nan. A kaɗa ƙuri'a."

Wilf ya zauna. Sai Norris ya ce, "Jama'a, shekara talatin ina yanka, ban taɓa ganin wanda ya yanka kansa da kyau haka ba."

Aka fashe da dariya. Shugaba ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Wilf ya ɗaga nasa, a hankali saboda ciwo, mutum huɗu suka bi shi. Bakwai suka ƙi. Takardar ta faɗi.

Prescod ya ƙara wasa biyu ya koma lardi a watan Agusta. Shekarar da ta biyo kulob uku suka kawo nasu ƙwararrun. Biyu mutanen kirki ne. Na ukun ya fasa wa wani malamin makaranta haɓa, aka sake zama, aka sake gardama, kuma har Wilf ya ajiye katako ba a gama ta ba.

Amma a yammacin Talatar, da suka fito rana ba ta faɗi ba tukuna, Norris ya ja shi shagon kifi da soyayyen dankali. Suka zauna a kan katangar gada, kowa da ƙunshinsa, ruwa na wucewa ƙarƙashinsu. Norris ya daɗe yana tauna kafin ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Injiniya. Wai yaya take? In ta taho ɗin."

Wilf ya yi tunani. "Tana da ƙara. Ban taɓa sanin ƙwallo na da ƙara ba. Kamar an yaga sabon yadi kusa da kunnenka."

"Haka ne," in ji Norris. "Wallahi haka ne."

"Kai ina ka sani?"

Norris ya waiga hagu da dama. "In ka faɗa wa wani sai na daina sayar maka da nama. Makon da ya fara zuwa, na ce ya ɗan gwada ni a wurin atisaye, mu biyu kawai. Ɗaya ya jefo. Taku takwas ɗin nan fa, ba naka ba."

"Sai me?"

"Sai na tuna na bar shago a buɗe."

"Ranar me?"

"Lahadi."

Duk kwarin ba shagon da ke buɗewa ranar Lahadi. Wilf ya ajiye ƙunshinsa a kan katanga, ya rungume ƙirjinsa da hannu biyu. "Norris, don girman Allah yi shiru," ya ce, hawaye na zubo masa. "Kada ka ƙarasa abin da Prescod ya fara."